Guzurin Ɗan Balbela

An yi wata Balbela a gefen wata ruga, can inda fadama ta haɗu da daji. Sana'arta ita ce ta uwarta da ta kakarta, wato bin shanu. Saniya ta ɗaga kofato, fara ta tashi, Balbela ta cafke. Ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Ciwonta guda ne, son a ce. In ba a yaba fararen tufafinta ba, to a yaba ɗanta.

Ɗan nan sunansa Jatau, shi kaɗai ya rage mata. Shaho ya ɗauki wasu, iskar farkon damina ta zubo da wasu daga sheƙa. Jatau ya girma, fukafukansa sun cika, wuyansa har ya fi na uwarsa tsawo, amma halinsa na cikin sheƙa bai sake shi ba. Kullum bakinsa a buɗe yake, yana jiran a zuba.

Maƙwabciyarsu Zabuwa ce, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba. In ƙuda ya sauka a hancinka, sai duk unguwa ta ji.

Wata rana da yamma, shanu sun dawo, Jatau ya gyara tsayuwa a kan reshe ya ce, "Inna, ni fa na gaji da bin gindin shanu. Kullum ƙura, kullum warin kashi. Tafki zan tafi wurin Malam Zalɓe, in koyi kamun kifi."

Da farko Balbela ba ta so ba. Tafkin yana da nisa, kuma tun da ta ƙyanƙyashe yaron nan ba su taɓa raba reshe ba. Amma sai wani abu ya raɗa mata a zuci cewa a duk zuriyarsu ba wanda ya taɓa zuwa karatu. Za a riƙa nuna ta ana cewa ga uwar ɗalibin Malam Zalɓe. Nan take ta ce ta yarda.

Zabuwa tana ƙarƙashin bishiyar tana tonon ƙasa, duk ta ji. Ta ɗago kai ta ce, "Karatu? Wannan ƙaton? To Allah ya ba da sa'a. Sa masa albarka ki sake shi, Uwar Jatau. Mu a gidanmu, ranar da ka fasa ƙwai ranar kake sanin inda tsaba take."

"Ke har kina da bakin magana a kan reno?" in ji Balbela. "Ke da kike zubar da ƙwai a ciyawa, kaza ta yi miki kwanci?"

"Kuma ga su nan sun cika daji! Akwai wanda ya dawo ya ce in ba shi a baki?"

"Akwai wanda ya dawo ya gaishe ki?"

Zabuwa ta yi tsaki ta ci gaba da tononta.

Karatun Malam Zalɓe ba allo ba tawada. Tsayuwa ce. Ɗalibi zai shiga ruwa da sassafe, cikinsa ba nauyi, ya tsaya ba motsi har kifi ya ɗauki ƙafarsa kara ce, ya zo ya raɓa. Sannan a kai sara, sara ɗaya. Saboda haka Malam yake da doka: iyaye ba sa zuwa bakin ruwa, domin inuwar baƙo tana korar kifi. Mai kawo guzuri ya tsaya a gindin wani gawo da ke kan tudu, ranar kasuwa, ɗansa ya fito ya karɓa.

Ranar kasuwar farko Balbela ta cika ɗan ƙoƙo da fara, ta rataya a wuya, ta tashi. Tun kafin ta sauka ta hango Jatau yana tahowa da gudu. Ya ɗan rame, amma idonsa sai ƙyalli yake.

"Inna! Inna, jiya saura ƙiris in kama wata karfasa! Har idonta na gani! Malam ya ce gaggawa ce ta cuce ni. Kin san kifi yana jin bugun zuciya ta cikin ruwa?"

Ya yi ta zuba labari yana ci, ita kuma tana gyara masa gashin wuya, tana jin kamar ta haɗiye shi ta koma da shi gida. Da ya ga gindin ƙoƙo ya leƙa ciki, ya dube ta ya ce, "Ba ƙari?"

Kalmar nan ta soke ta kamar ƙaya. Duk hanyar komawa ita take ji. Ba ƙari? Ɗanta, ɗaya tilo, a bakin ruwan wasu, yana tambayar ƙari! Ta manta da ƙyallin idon, ta manta da labarin karfasa. Ramar kaɗai ta riƙe.

Kasuwa ta zagayo, ta ajiye ƙoƙo ta ɗauki ƙwarya.

Daga nan fa buƙatu suka buɗe. Yau Jatau ya ce ƙafafun fara suna maƙale masa a wuya, sai ta zauna ta riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya. Gobe ya ce ƙananan ba su da maiƙo, sai ta riƙa ware masa manya. Jibi ya ce ɗalibi mai mutunci ba ya cin ta jiya. Ba ta taɓa cewa a'a ba. In gaskiya za a faɗa, tana son buƙatun nan, domin duk buƙata magana ce daga bakin ɗanta, kuma ta fi son ya roƙe ta a kan ya yi shiru.

Ita ke riga kowa sauka cikin garke, ita ke ƙarshen tashi. Fara mai kyau ta shiga ƙwarya, ita kuma ta yi maleji da kaskar kunnen shanu.

Abin da ba ta lura da shi da wuri ba shi ne, yadda ƙwarya take girma haka hira take ƙanƙancewa. Da farko Jatau da gudu yake zuwa. Daga baya ya koma tafiyar ƙasaita. Labarin kifi ya ƙare, sai "Sannu Inna," sai "Allah ya kiyaye hanya." Wata ranar kasuwa ta iso ba ta tarar da kowa ba, sai ƙwaryar wancan mako a kife a gindin gawo. Ta jira har rana ta take tsaka. Ta ajiye cikakkiya, ta ɗauki wofi.

To shi gawo kowa ya san halinsa, da damina ba ya ganye. Sai Balbela ta hau can ƙololuwarsa, inda ake ganin tafki gaba ɗaya. Ga ɗalibai nan jere cikin ruwa, masu launin toka, 'ya'yan zalɓe da danginsu. A tsakiyarsu ga ɗigo ɗaya fari fat.

Ta ƙura masa ido. Sauran ɗalibai sai mutsu-mutsu suke. Wannan ya kai sara ya kuskure, wancan ya fantsama ruwa, wani ya sauya ƙafa. Farin ɗigon nan kuwa ko gezau. Tsaye yake kamar an dasa shi.

"Allahu akbar," in ji Balbela, hawaye na zubo mata. "Shi ya sa bai fito ba. Karatu ya riƙe shi."

Tun daga ranar, rabonta da ɗanta ke nan: ɗigo fari daga nesa. Takan zauna a kan gawon har wuyanta ya ƙage, tana yi masa magana a hankali kamar yana ji. Ta gaya masa saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta haihu. Ta gaya masa iska ta karya reshen da ya koyi tashi a kai. A gida kuwa, in magariba ta yi balbelu suka jero a sama suna komawa makwanci, sai ta bi su da ido ɗaya ɗaya, ko da ta san ba ya cikinsu. In ta hau reshe takan matsa gefe ta bar masa wurinsa, iska ta kwana a wurin.

Amma da gari ya waye sai ta shanye hawayenta ta fita da taƙama.

"Ke Zabuwa, da kin ga Jatau! Duk tafkin nan ba mai tsayuwarsa. 'Ya'yan zalɓe da aka haifa a ruwa ma sai dai su kalle shi."

Zabuwa ta karkata kai ta dube ta sama da ƙasa. "Ni dai wuyanki nake kallo, ƙawata. Ya koma kamar zaren kaɗi. Kina ci kuwa?"

"Ina ruwanki da cikina?"

"To shi gwanin naki, ya taɓa aiko miki da ko ƙayar kifi ki yi sakace?"

"Karatu ya je, ba fatauci ba."

"Karatun da ake yi da baki! Wallahi ni ban taɓa ganin inda aka ɗaura wa ƙato zanen goyo ba sai a gidanku. Kife ƙwaryar nan ki huta. Ko tsinke kada ki ƙara kai masa."

"Baƙin ciki ne yake cin ki. Naki 'ya'yan iyakar karatunsu tonon juji."

"Amma da ƙafarsu suke tonawa!"

Aka kwana biyu ba sa gaisawa.

Damina ta ja baya, aka yi girbi, ciyawa ta fara bushewa. Makiyaya suka fara naɗe kayansu za su gangara kudu neman ruwa da ɗanyar ciyawa. Dangin Balbela suka ce mata, "Taso mu tafi. Balbela ba shanu, me za ta ci?"

Ta ce su yi gaba, tana tafe. Ta tsaya a kan turken da aka bari tana kallon ƙurar garke har ta ɓace. Wa zai kai wa Jatau guzuri in ta tafi?

Yanzu ba kofaton da zai tayar mata da fara. Da ƙafarta take bin karan dawa tana kaɗawa, wuni guda kafin ta rufe gindin ƙwarya. Ga shi gawo ya fara toho, kamar yadda ya saba in kowa ya bushe. Ganye ya rufe reshen da take zama, sai ta yi ta leƙe ta tsakanin ƙaya kafin ta hango farin ɗigonta.

A irin wannan rana ce ta sauko ta tarar da Malam Zalɓe tsaye a gindin bishiyar. Dogo ne, siriri, ba ya son yawan magana. Yana kallon ƙwaryar da ta ajiye.

"Allah gafarta Malam," ta ce, ta rusuna.

"Baiwar Allah, ke ce uwar Jatau? Ƙwaryar nan ta yi wa ɗalibi ɗaya yawa. Ki rage."

Ran Balbela ya ɓaci. A ranta ta ce iyayen sauran ne suka kai ƙara, don ba su da halin yin irin nata. Ta ce, "Malam, ai ba a gidan kowa na roƙo ba. Gumina ne."

"Ban ce kin roƙa ba. Shi yaron naki..."

"Na gani da idona, Malam. Ba wanda ya kai shi tsayuwa."

Malam Zalɓe ya dube ta. Ya ga ƙashin ƙirjinta a waje, ya ga kuma ba kunnen da za ta ji da shi. Ya ce, "Haka ne. Ba wanda ya kai shi tsayuwa. Ki zo ranar yaye." Ya buɗe fukafukai ya tafi.

Ranar yaye ita ce rana ɗaya da ake barin iyaye su sauka bakin ruwa. Al'adar wurin ita ce kowane ɗalibi ya kamo kifi a gaban jama'a, ya kawo ya ajiye a gaban wanda ya ciyar da shi. Daga nan ya zama mai cin gashin kansa, ya koma gida.

Ya koma gida! Balbela ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta gyara wurinsa a kan reshe. Ta yi wanka a ɗan ruwan da ya rage a fadama, ta bi gashinta ɗaya ɗaya. Ta bi gida gida tana gayya, kurciyoyi da hasbiyoyi da duk zabin unguwa. Har ƙofar Zabuwa ta je.

"Ki zo ki gani da idonki, don bakinki ya mutu."

"Zan zo," in ji Zabuwa. "Ni da kallo ba ma faɗa."

Ranar ta zo. Balbela ta cika ƙwarya har tana zuba, ta ce ta walima ce. Sai da ta huta a hanya ya fi a ƙirga kafin ta iso. Bakin tafki ya cika maƙil. Ɗalibai suka shiga ruwa, aka yi tsit.

Can sai wani ɗan zalɓe ya kai sara, ya ɗago da karfasa tana wutsil-wutsil. Aka ɗauki guɗa. Wani ya biyo, wani ya biyo. Wani ma sai da ya kuskure har ana dariya, sannan ya samu ɗan ƙarami ya kai wa tsohuwarsa, ta rungume shi. Ɗaya bayan ɗaya ɗalibai suka yi ta fita daga ruwa, har ya rage saura Jatau.

Yana tsaye a kan ƙafa ɗaya, ya ba jama'a baya, wuyansa a naɗe. Kifaye sai kewaya shi suke. Wata ƙatuwar tarwaɗa har ta kwanta a inuwarsa.

"Ku duba nawa," in ji Balbela da ƙarfi don kowa ya ji. "Ba ya taɓa ƙanana. Babba yake jira."

Aka jira. Rana ta ɗaga. Kurciyoyi suka fara kallon juna.

Zabuwa ba ta iya haƙuri ba. Ta sulale ta cikin ciyawa ta zagaya ɗaya gefen, inda za ta ga fuskarsa. Ta miƙa wuya. Sai ta kwantsama ihu.

"Wayyo jama'a, ku zo ku gani! Barci yake! Wallahi barci yake, har da munshari!"

Zabi suka ɗauka gaba ɗaya, kun dai san bakin zabi. Jatau ya farka a firgice. Tarwaɗar nan ta ji motsi ta make ƙafarsa da wutsiya. Ya buɗe fukafukai zai tashi, jiki ya yi nauyi, sai ji kake tinjim! Ya faɗa cikin taɓo. Da ƙyar ya rarrafo gaɓa, farin nan nasa ya koma kamar gindin tukunya.

Dariya ta ɓarke, amma Balbela ba ta ji ta ba. Ita dai ga ɗanta kusa da ita, abin da ta yi wata da watanni tana mafarki. Ta matsa kusa da shi. Ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace, idanunsa sun ƙanƙance, ba sauran ƙyalli a cikinsu. Ta jira ya ce Inna kin rame. Ta jira ya ce Inna na yi kewarki.

Ya share taɓo daga bakinsa ya ce, "Inna, kin zo da ƙwaryar?"

Sai a lokacin dariyar jama'a ta shiga kunnenta, kuma ba ta kai wannan tambaya zafi ba.

Malam Zalɓe ya tako ya tsaya a kansu. Ya ce, "Yaron nan da ya zo yana da ido. A cikin sababbi shi na fi sa wa rai. Amma tsayuwar mai kamun kifi da tsayuwar mai barci daga nesa iri ɗaya ce. Bambancin yana ciki. Wanda cikinsa ke ɗan motsi, idonsa a kan ruwa yake. Wanda ya cika ciki tun da safe, me zai nema a ruwa? Na tashe shi har na gaji. Ni ina koyarwa da rana, ƙwarya tana warwarewa da safe."

"Na faɗa!" in ji Zabuwa tana tsalle. "Ban faɗa ba? A yanke gaba ɗaya! Ko ƙafar fara kada a ƙara ba shi!"

"Ke kuma rufe mana baki," in ji Malam. "Irin naki ma na gani. An taɓa kawo mini yaro aka juya baya, ba mai leƙo shi. Sabon ɗalibi bai iya kama komai ba tukuna, da me zai rayu? Wuni yake bin kwaɗi a gefen ruwa don kada ya faɗi, ana darasi ba ya nan. Ƙarshe ya bar karatun. Yunwa kaɗan tana buɗe ido, mai yawa tana rufe shi, kamar dai ƙoshi."

Zabuwa ta ja da baya tana gunaguni.

Balbela ta ce, "To Malam, yanzu yaya za a yi?"

"Tafkin nan ya kusa ƙafewa. Ni da sababbin ɗalibai gulbi za mu koma, can bayan duwatsu. Fukafukanki ba za su kai ki ba. In kin so ki tafi da shi gida yau. In kin so ya bi ni ya faro daga farko. In zai bi ni, agwagin ruwa suna bi ta wajenku duk sabon wata. Ki ba su abin da ganyen bado ɗaya zai ƙunsa. Wannan zai riƙe masa wuya. Sauran ya nema a ruwa."

Ki tafi da shi gida yau. Zuciyar Balbela ta yi tsalle ta kama maganar nan. Yau ɗin nan su koma tare, ya hau wurinsa a kan reshe, ta ji ɗuminsa a gefenta. Ta buɗe baki za ta ce ya taho.

Sai ta dubi ƙafafunta, sun zama kamar tsinken tsintsiya. Ta dubi ƙaton da ke gabanta, wanda bai iya kama kifi ba, bai kuma taɓa kama fara da kansa ba. In ta faɗi gobe, wa zai zuba a bakin nan? Ashe duk ƙwaryar da ta ɗauko don ta matso da ranar dawowarsa, tura ranar take yi gaba.

Ta tsinko ganyen bado ta shimfiɗa. Ta ɗebi fara ta zuba, ta naɗe. Ta mayar da faifai ta rufe ƙwaryar.

Jatau ya dubi ƙunshin, ya dubi ƙwaryar. "Wannan ne kawai? Sauran fa?"

"Sauran nawa ne. Ni ma ina da ciki."

"Inna! A gaban mutane? Ashe kin daina so na."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Ta ce, "Ɗauki ka bi malaminka, Jatau. Allah ya yi maka albarka."

Ya fizgi ƙunshin ya juya. Da ayarin ya tashi shi ne na ƙarshe, yana bugun iska da ƙyar. Ta tsaya tana jiran ya waiwayo ko sau ɗaya. Bai waiwayo ba. Ta bi shi da ido har duwatsu suka shanye shi.

Zabuwa ce ta matso, ba hayaniya a karon nan. Ta ce, "Taso, Uwar Jatau. Kawo ƙwaryar in riƙe miki. Amma sai kin ci tukuna, don ni ba zan iya goyonki ba."

Balbela ta bi sawun shanu ita kaɗai har ta cim ma garke a kudu. Rani ya yi tsawo. Duk sabon wata sai ta je bakin rafi ta jira agwagi, ta ba su ƙunshi ɗaya. Sau da yawa takan tsinko ganye na biyu, ta riƙe shi ta daɗe, sannan ta sake shi ya bi ruwa. In agwagin suka dawo ta tambaye su, sai su ce sun ba shi, ya karɓa, bai ce komai ba.

Haka wata ya bi wata. Ana gab da bazara, wata tsohuwar agwagwa ta sauka kusa da ita ta ce, "Ke ce uwar farin nan na wurin Malam Zalɓe?"

"Ni ce. Lafiya yake? Faɗa mini gaskiya."

"Ya rame kamar kara. Kullum cikin mita yake, wai an yashe shi. Amma shekaranjiya a gabana ya kai sara ya ɗago karfasa. Ba babba ba ce. Ya yi ta ihu har ya kori kifin kowa, Malam ya kore shi gaɓa."

Balbela ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Da ta samu numfashi ta ce, "Ya ambace ni?"

"Ya ba ni saƙo. Ya ce a gaya miki kifi bai kai fararki daɗi ba. Ya ce kuma a tambaye ki, wai kina ci kuwa?"

Balbela ta juya ta fuskanci wajen duwatsun da ba a ko hango su daga nan, ta daɗe tsaye. Karatu bai ƙare ba, ba ta san ranar da za ta gan shi ba. Sannan ta share ido ta ce, "In kin koma ki ce masa ina ci." Ta sauka cikin garke, farar farko da ta tashi ta cafke ta haɗiye, don kada ta aika wa ɗanta ƙarya.

Darasin wannan labari shi ne, ɗan da ya girma ya tafi neman ilimi yana da haƙƙin guzuri, kuma uwar da ta juya masa baya gaba ɗaya ba tarbiyya ta yi ba, rowa ta yi. Amma guzuri na riƙe wuya ne, ba na rufe ido ba. Ku iyaye, ku ba da abin da zai hana shi faɗuwa, ku bar masa gurbin da zai cike da guminsa, kuma kada ku yanka naman jikinku don a ce ɗanku ɗan gata ne. In za ku ƙara, ku tambayi kanku tsakani da Allah: buƙatarsa ce, ko kewarku ce, ko don maƙwabta su gani? Ku kuma yara, in an miƙo muku ƙunshi, kafin ku leƙa cikinsa ku dubi wuyan wadda ta kawo.